Takalmin Uwargida: Furen Kurmi Da Ya Ragu Saura Guda

A darasinmu na wannan wata za mu bar gida, mu tafi arewacin Ingila, mu dubi wani furen kurmi wanda ya yi ta raguwa har ya zama saura tsiro guda tak a ƙasar duka. Sunan da mutanen Ingila su ke kiransa da shi, in an juya da Hausa, shi ne Takalmin Uwargida. Za mu ga yadda ya ke zaman duniyarsa, da abin da ya kai shi bakin hallaka, da kuma dalilin da ya sa komo da shi ya ci shekaru masu yawa, ko da shi ke masana da masu dukiya da hukuma duk sun sa hannu.

Danginsa da kamanninsa

Shi ɗan wani babban gida ne na tsire-tsire wanda a ke kira okid. Gidan nan yana da iri wajen 28,000 a duniya. Yawancinsu a ƙasashe masu zafi su ke, manne a jikin itatuwa, waɗansu kuwa a ƙasa su ke tsira. Banila da a ke sa wa biskit da alewa domin ƙanshi, daga 'ya'yan wani okid a ke samunta. Mu ma muna da namu. A dazuzzukan tsakiyar Nijeriya akwai wani da masana su ke kira Eulophia cristata, wanda ya kan fid da doguwar sanda mai furanni shunayya gab da faɗuwar damina, tun ganyensa bai fito ba. Watakila waɗansunku sun sha wuce shi a hanyar gona.

Takalmin Uwargida na ƙasa ne. Tsawonsa ƙafa 1 zuwa 2. Yana da ganye 3 zuwa 5, masu faɗi, da jijiyoyi a miƙe. A ƙarƙashin ƙasa yana da saiwa mai rarrafe a kwance kamar ta citta, kowace shekara ta kan ƙara tsawo kaɗan, ta yi sabon toho. Sa'ad da hunturun Turai ya shigo sai kan tsiron ya mutu, saiwar ta kwanta ta jira. A ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni ya kan yi fure, ɗaya ko biyu a kan kowace sanda. Furen yana da kunnuwa huɗu, ja mai duhu kamar busasshen zoɓo, na gefe biyu a murɗe. A tsakiyarsu akwai wata 'yar jaka rawaya, ba ta kai ƙwan tantabara ba, a buɗe ta bisa kamar bakin takalmi. Daga nan sunan ya fito.

Uwargidan da a ke nufi kuwa Maryamu ce, uwar Yesu, gama mutanen Turai na dā takalmin Maryamu su ke ce da shi. A shekara ta 1753 wani masani ɗan Suwidin, Linnaeus, ya ba shi sunan da a ke rubutawa a littattafan ilimi har yau, watau Cypripedium calceolus. Kalma ta fari ya ɗauko ta daga sunan wata allahiya ta Helenawa wadda a ke dangantawa da Kubrus, tsibirin nan na Barnaba. Ta biyu ma'anarta ƙaramin takalmi.

Kada mu ɗauka a Ingila kaɗai a ke samunsa. Yana tsira tun daga duwatsun Sifen, ta Jamus da Rasha, har Sin da Japan. A Suwidin da Estoniya akwai kurame inda a ke ganinsa ɗari-ɗari. Ingila dai tana can bakin iyakarsa ta yamma, kuma can ne ya fi shan wuya.

Wurin zamansa

Furen nan mai zaɓen wuri ne ƙwarai. Yana son ƙasa wadda ke kwance bisa farin dutse, irin wanda a ke ƙonawa a yi siminti a Sakkwato da Ashaka. A Ingila irin wannan dutse yana da yawa a tuddan arewa, shi ya sa a Yorkshire da Derbyshire da Durham da Lancashire da Cumbria aka san furen a dā. Yana son gangaren tudu inda ƙasa ke da laima kullum amma ruwa ba ya kwanciya.

Sa'an nan ga maganar inuwa, wadda ita ce ta fi wuya. In mun ce kurmi, kada ku tuna da baƙin kurmin kudu inda rana ba ta kai ƙasa. Kurmin da furen ke so mai shara-shara ne, na itatuwan da Turawa ke kira ash da hezal da ok, inda haske ke ratsowa ta tsakanin ganye. In inuwa ta yi yawa, tsiron ya kan yi ganye shekara da shekaru ba fure. In aka sare kurmin ƙaf, rana ta kan busar da ƙasa, dogayen ciyayi su danne shi.

Abin da ya kiyaye wannan daidaito a zamanin dā, aikin talakawa ne. Su kan sare hezal daga gindi bayan 'yan shekaru domin itacen wuta da sandunan shinge, kututturen ya sāke toho, kamar yadda sabara ta kan yi a gonakinmu bayan sassabe. Bana a sare wannan gefe, baɗi wancan. Ta haka kullum akwai wani sashi na kurmin da haske ke shiga. Da kwal da wayar shinge suka yi arha aka bar wannan aiki, kurame da yawa suka rufe. A waɗansu wurare kuma aka saki tumaki, su kuwa ba su barin toho.

Tarko ba zuma

Yanzu mu dubi jakar nan rawaya, mu ga amfaninta. Kowane manomi ya san bununin gero da na masara, ya kuma san in bununi bai sauka inda ya kamata ba, zangarniya ba ta yin ido. Gero iska ce ke ɗaukar masa bununi. Takalmin Uwargida kuwa nasa mai danƙo ne, iska ba ta iya ɗauka, sai ƙwaro.

Yawancin furanni su kan biya ƙwaro ladan aikinsa da ruwa mai zaƙi. Wannan ba ya biyan ko anini. Launi da ƙanshi kaɗai ya ke da su. Akwai waɗansu ƙananan ƙudan zuma da a ke kira Andrena, ba su zama cikin amya, kowace tana haƙa raminta a ƙasa ita kaɗai. Ƙanshin ya kan jawo ta, ta sauka a bakin jakar, ta zame ta faɗa ciki. Bakin a lanƙwashe ya ke ta ciki, ga santsi, ba dama ta fita ta inda ta shiga. Can wajen bayan jakar akwai wurare masu shara-shara da haske ke shigowa kamar taga, akwai kuma gashi a jere wanda ta ke kamawa ta hau. Hanyar nan matsattsiya ce. Da fari ta kan bi ta ƙarƙashin sashen mace na furen, in ta zo da bununin wani fure a bayanta sai ya goge a nan. Daga baya ta kutsa ta ɗaya daga cikin ƙananan ƙofofi biyu, inda sabon bununi zai manne mata. Ku lura da wannan jeri: sashen mace tukuna, bununi daga baya. Shi ya sa furen ba ya yawan barbarar kansa.

Charles Darwin, wanda ya buga littafi a kan barbarar okid a 1862, da fari ya zaci ƙwaro ya kan tsaya a waje ne ya zura bakinsa ta ƙananan ƙofofin. Wani masani na Amurka, Asa Gray, ya ce a'a, shiga ya ke yi ta babbar ƙofa ya fita ta ƙarama. Darwin bai tsaya gardama ba. Ya kamo 'yar Andrena ya jefa ta cikin jakar wani ɗan'uwan furen nan na Amurka, ya zuba ido. Ta yi ta ƙoƙarin hawa tana faɗowa, har ta bi ta baya ta fito da bununi a jikinta. Ya mai da ita har sau biyar, kowane karo ta hanyar nan ta fito. Ya gyara maganarsa a bugu na biyu, a 1877.

Amma wayo ba ya ci kullum. Ƙudan zuman da ta faɗa sau ɗaya ko biyu ba ta sami kome ba, ta kan koyi hankali. Saboda haka a wurare da yawa, cikin fure 10 wajen guda ne ke yin 'ya'ya. In kuwa tsiro guda ne kaɗai a ƙasar, ina za a samo bununin wani?

Iri ba guzuri

Ga abin da ya fi ban mamaki. Ƙwayar gero ko ta wake, uwarta ta kan sallame ta da guzuri, watau garin nan da mu ke ci. Da shi ɗan tsiro ke rayuwa har ya yi ganye. Ƙwayar okid ba ta da guzuri ko kaɗan. Ƙura ce kawai. Kwanso guda na Takalmin Uwargida yana ɗauke da dubbai, wani lokaci fiye da 10,000, iska ta kwashe su ta watsar.

Manomanmu sun san wani abu mai kama da wannan. Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, shi ma irinsa ƙura ne, ba ya kuwa tsira sai ya ji saiwar dawa ko gero kusa da shi, ya kama ta ya tsotsa. Ƙwayar okid ita ma sai ta sami mai ciyad da ita, amma ba saiwar hatsi ta ke nema ba. Wata irin fumfuna ta ke jira, dangin naman kaza, wadda ke zaune cikin ƙasar kurmi kamar siraran zare, tana cin ruɓaɓɓen ganye. Zaren ya kan shiga cikin ƙwayar ya naɗe, ƙwayar kuwa ta narkar da shi ta ci. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya fara gane wannan a 1899. Ba kowace fumfuna ce ke yi ba. Takalmin Uwargida yana da 'yan kaɗan da ya ke yarda da su, na wani gida da a ke kira Tulasnella.

Ƙwayar da ta yi sa'a ta faɗa inda fumfunarta ta ke, ta kan zauna a ƙarƙashin ƙasa wajen shekara 3 tana ci, kafin ta fid da ganyen fari. Fure kuwa sai bayan shekara 6 zuwa 10, wani lokaci fiye. Amma in ya kafu ya kan daɗe, har ya wuce ran mutum.

To, ku haɗa lissafin. Kafin a sami sabon tsiro guda a kurmi, sai an sami farin dutse, da gangare mai laima, da inuwa daidai, da ƙudan zuma mai rami a kusa, da wani tsiro dabam mai ba da bununi, da fumfuna a daidai inda ƙwayar ta faɗi, sa'an nan shekara 10 ba tunkiya ba mai haƙa. Wanda ya zo da cebur ya cire shi cikin minti 5, abin da ya rushe ke nan.

Yadda aka ƙarar da shi

Tun a ƙarni na 17 wani mai haɗa magunguna a Landan, John Parkinson, ya rubuta labarin furen, ya ambaci wani kurmi kusa da tudun Ingleborough inda a ke samunsa. Da labari ya bazu sai masu lambu suka fara nema. A zamanin Sarauniya Biktoriya son okid ya zama kamar ciwo a wurin masu kuɗi, ga jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zuwa ƙauyukan arewa. Mutanen ƙauye suka ga ciniki, suka shiga haƙa suna kai wa kasuwa. Masu ilimin tsire-tsire su ma ba su tsira daga laifi ba. Kowa yana so ya matse nasa cikin takarda ya busar, ya rubuta suna da kwanan wata ya ajiye. Yadda furen ke ƙara wuyar samu, haka kuɗinsa ke hawa, haka kuma masu nema ke ƙaruwa. A ganinmu laifin mai ilimi ya fi na talakan da ya haƙa domin sule biyu, gama shi ya san abin da ya ke yi.

Waɗanda aka dasa a lambu, da yawa sun mutu, waɗansu sun rayu. Amma kurmin da aka cire su daga ciki bai sāke samun iri ba. A 1917 aka ce furen ya ƙare a Ingila.

A 1930 aka iske tsiro guda a wani gangaren tudu a kwaruruwan Yorkshire, nesa da hanya. 'Yan kaɗan da suka sani suka rufe bakinsu. Duk da haka labari ya kan fita, masu son gani su kan je, sawunsu kuma ya kan tattake ƙasar gindinsa. Wajen 1970 aka kafa wani kwamiti musamman domin wannan tsiro, a ke kiransa Kwamitin Cypripedium. Aka sa masa keji, aka kuma sa mai gadi ya kafa tanti kusa da shi dukan lokacin fure, dare da rana. Dokar ƙasa ta 1975, da wadda ta biyo ta a 1981, suka hana tsinke shi ko haƙa shi. Har yau ba a bayyana wurin ga jama'a. Akwai masu gunaguni cewa kayan ƙasa na kowa ne, don me za a ɓoye? Amsar tana Silverdale a Lancashire, inda wani tsiro ya ke a filin wasa, kowa ya san wurinsa. An taɓa kai masa hannu aka yi masa ɓarna, a 2010 har sai da 'yan sanda suka riƙa zagaya shi.

Aikin komo da shi

Gadi ya hana mutuwa, amma bai kawo haihuwa ba. A 1983 Sir Robert Sainsbury da matarsa suka ba da kuɗi ga Lambun Sarki na Kew, kusa da Landan, domin a koyi tsirar da okid na ƙasar. Masu aikin suka riƙa ɗaukar bununi da hannu suna sa wa furen, su ne a madadin ƙudan zuma. A nan tsofaffin tsiron lambu suka yi rana: aka bi sawu aka sami 'yan kaɗan waɗanda asalinsu daga kuramen Ingila aka haƙo, aka riƙa haɗa su da na tudu. Daga baya gwajin ƙwayoyin gādo ya nuna wanne ne ɗan ƙasa, wanne baƙo. Na Silverdale ya fito baƙo, daga wani sashi na Turai aka kawo shi.

Sauran wahala ita ce tsirarwa. Tun 1922 wani Ba'amurke, Lewis Knudson, ya nuna ana iya tsirar da okid cikin kwalba ba fumfuna, in an ba ƙwayar sukari da gishirin abinci a madadinta. Amma Takalmin Uwargida ya ƙi. Mafita ta zo daga wani likita ɗan Suwidin, Svante Malmgren, mai kiwon okid a gidansa. Ya haɗa abinci wanda a cikinsa akwai ruwan abarba, da irin abincin ruwan da a ke ba bakwaini ta jijiya a asibiti. Aka kuma gane sai a ɗebi ƙwayar tun tana ɗanya, wajen kwana 50 bayan barbara, kafin ɓawonta ya yi tauri. Bayan ta tsira cikin duhu, sai a sa 'yan tsiron a firiji wajen wata 3, gama in ba su ji sanyin hunturu ba ba su fid da ganye.

A 1989 aka dasa na fari a kurmi. Sai a 2000 ɗaya daga cikinsu ya yi fure, bayan shekara 11. A shekarun da suka biyo aka dasa dubbai a wurare dabam dabam na arewa. Yawancinsu ba su kai ba. Dodon koɗi ya cinye toho, ɓeraye suka ci saiwa, zomaye suka yi nasu rabo. Aka koyi cewa gara a riƙe tsiron a tukunya shekaru kaɗan ya yi ƙarfi kafin a fitar da shi. A Kilnsey Park, cikin kwarin Wharfe, aka dasa waɗansu a fili inda kowa zai iya zuwa ya gani, domin a rage wa tsohon tsiron baƙi. Wata sabuwar damuwa kuma ta taso: tun 2012 da aka tabbatar da wata cuta ta itacen ash a Ingila, ta kashe itatuwa masu yawa a Yorkshire, inuwar kuramen tana sākewa, masu kula da furen kuwa dole su bi ta da ido.

Duk wannan, tsiron da aka raina a kwalba aka dasa da hannu kamar maraya ne da a ke ba madara. Yawansu bai nuna kurmin ya karɓe su ba. Abin da masu aikin su ke jira shi ne su ga tsiro inda ba wanda ya dasa. A watan Yuni na 2024 ma'aikatan Yorkshire Wildlife Trust, ƙungiyar da ta karɓi jagorar aikin a 2023 da taimakon kuɗi daga Natural England, suka iske wani ɗan tsiro a ɗaya daga wuraren da aka yi dashe, ba shi kuwa cikin lissafin waɗanda aka dasa. Suka bayyana labarin a 2025. Watau tsiron da aka dasa ya yi 'ya'ya, iska ta ɗauki ƙwayar, ta faɗi inda fumfunarta ta ke, ta yi shekarunta a ƙarƙashin ƙasa, ta fito da kanta. Shi ne sabon tsiro na fari da aka sani ya tsira da kansa a sabon wuri a Ingila tun 1930. Wurin da ya ke, shi ma an ɓoye shi.